Amicus: Kamfanin da Aka Gina a kan Alhaki

Milton Subotsky da Max Rosenberg masu shirya finafinai ne 'yan birnin New York, amma a Ingila suka yi suna. Kafin su raɗa wa kamfaninsu suna, Subotsky ya tsara labarin fim ɗin The City of the Dead, aka ɗauke shi a dandalin Shepperton, ya fito a shekarar 1960. Labarin wata mayya ce, Elizabeth Selwyn, da mutanen ƙauyen Whitewood suka ƙone a 1692. Tana cikin wuta ta tsine wa garin, tsinuwar kuwa ta bi jikoki da tattaɓa-kunne. Christopher Lee ya fito a matsayin malamin jami'a da ya tura ɗalibarsa ƙauyen, alhali ya san abin da ke jiranta.

A 1962 suka kafa Amicus, kalmar Latin mai nufin aboki. Da finafinan kiɗa na matasa suka fara, sai a 1965 suka gano hanyarsu da Dr. Terror's House of Horrors, wanda Freddie Francis ya ba da umarni. A lokacin kamfanin Hammer ne ke riƙe da kasuwar finafinan ban tsoro, su Subotsky kuwa jarinsu bai taka kara ya karya ba. Dabarar da suka yi ita ce haɗa gajerun labarai huɗu ko biyar a fim ɗaya. Ta haka babban ɗan wasa kamar Peter Cushing zai yi aikin 'yan kwanaki a sallame shi, sunansa kuma ya jawo 'yan kallo. Sun yi irin wannan fim har guda 7, na ƙarshe shi ne From Beyond the Grave a 1974.

Abin da ya riƙe waɗannan labarai shi ne sakayya. A Tales from the Crypt na 1972, Cushing ya fito a matsayin Grimsdyke, dattijo marar ƙarfi da maƙwabtansa masu kuɗi suka muzguna wa har ya rataye kansa. Shekara na zagayowa ya taso daga kabari ya bi hakkinsa. A And Now the Screaming Starts! na 1973, wani mai sarauta ya keta amaryar baransa, ya datse masa hannu, jikansa ne kuma ya girbi la'anar. Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi, kuma a nan ƙarfin Amicus yake: tsoron da yake jefa wa mai kallo tsoron zalunci ne da abin da ke biyo bayansa.

Bayan The Exorcist ya fito a 1973, 'yan kallo suka juya ga wani salo, kasuwar finafinan tsofaffin gidaje da makabartu ta ja baya. A 1975 Subotsky ya raba gari da Rosenberg, kamfanin bai daɗe ba ya durƙushe. Subotsky ya mutu a 1991, Rosenberg kuma a 2004.