Ilimin Ƙwayoyin Gado da Cutar Sikila a Arewacin Zazzau

Ilimin ƙwayoyin gado shi ne nazarin yadda 'ya'ya ke gadon siffofi da wasu cututtuka daga iyaye. A Ikara da Maƙarfi da Kudan, ƙofar da wannan ilimi ya fi shigowa ta cikinta ita ce amosanin jini, wato sikila, da kuma gwajin jinotayif da ake yi kafin aure.

Kafin zuwan gwaji

Iyaye mata sun daɗe da sanin alamomin cutar tun ba a san tushenta ba: jariri ya kumbura hannu da ƙafa, idanu su yi rawaya, hunturu na kamawa ya kwana yana kukan ciwon ƙashi. Idan 'ya'yan mace suka yi ta rasuwa suna ƙanana, sai a ce wabi take yi, a laƙaba wa na baya suna irin su Ajuji ko Ajefas, da fatan ya tsaya.

Gano tushen cutar

A 1910 likita James Herrick na Chicago a Amurka ya bayyana jajayen ƙwayoyin jini masu lanƙwasa kamar lauje a jinin wani ɗalibi ɗan tsibirin Grenada. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa matsalar tana cikin himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi a jini. Zuwa 1957 Vernon Ingram ya tabbatar a Cambridge cewa tubali ɗaya tak ne ya sauya a ginin sinadarin. Wannan ɗan sauyi ne ke sa ƙwayar jini ta sandare, ta toshe ƙananan jijiyoyi, ta kuma mutu da wuri. Wanda ya gaji sauyin daga ɓangare ɗaya shi ne AS, yana zaune lafiya. Wanda ya gada daga uwa da uba shi ne SS. A 1954 Anthony Allison ya nuna cewa masu AS sun fi jure zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, abin da ya sa wannan gado ya yawaita a ƙasashenmu.

Gudummawar Zariya

An kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, aka buɗe makarantar likitancinta a 1967. Farfesa Alan Fleming, masanin cututtukan jini a jami'ar, ya yi aiki da ayarin Hukumar Lafiya ta Duniya da ya binciki zazzaɓin cizon sauro a Garki, cikin Jihar Jigawa ta yanzu. Sakamakon da suka wallafa a 1979 ya nuna kusan jarirai 2 cikin 100 ana haifarsu da SS, kuma ƙalilan ne ke kai shekara 5. A nan aka ga, da alƙaluma, irin asarar da karkarar Hausa ke yi shiru. Yau Asibitin Koyarwa na jami'ar da ke Shika ne babban wurin da ake tura masu cutar daga yankin, yayin da kwalejin kiwon lafiya ta Shehu Idris da ke Maƙarfi ta yaye ma'aikatan lafiya masu yawa da ke aiki a asibitocin karkara.

Daga ɗakin gwaji zuwa zauren aure

Kusan mutum 1 cikin 4 a Nijeriya AS ne, kuma an ƙiyasta ana haifar jarirai kimanin 150,000 da cutar duk shekara. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi 25 cikin 100 na zuwa da SS. Lissafin sabo ne a kowace haihuwa, ba wai ɗa na huɗu ne kawai abin zai faɗa wa ba. Shi ya sa 'yar takardar gwaji mai haruffa biyu ta shiga maganar aure, har waliyyai na tambayarta kafin a yanka sadaki. A 2024 Jihar Kano ta mayar da gwajin doka.

Magani

A 2011 aka yi dashen ɓargo na farko a Nijeriya, a Benin. Binciken da aka gudanar a Kano da asibitin Barau Dikko na Kaduna ya ƙarfafa amfani da maganin hydroxyurea wajen kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da Casgevy, maganin da ke gyara ƙwayar gado ta hanyar fasahar CRISPR, sai dai a lokacin kuɗinsa ya haura dala miliyan 2.

Ga manomin Kudan ko Ikara, amfanin wannan ilimi yana cikin abin da hannu ke iya kaiwa: gwaji ingantacce kafin soyayya ta yi nisa, gwada jarirai da wuri, gidan sauro, rigakafi, da isasshen ruwan sha. Yaron da aka gano cutarsa tun yana goye, aka kula da shi, yana iya girma ya yi karatu, ya kafa gidansa.