Mara: Sunan Rijiya, Sunan Gwauruwa

Yau za mu duba wani ɗan gajeren suna a Tsohon Alkawari, wanda aka raɗa wa wuri, wata mace kuma ta raɗa wa kanta. Sunan shi ne Mara.

Wanda ya tashi a Morai, ko yake cin kasuwar Talata Mafara, ko yake da dangi a Maradun, zai ji kamar sunan na gida ne. Kada kunne ya ruɗe mu. Kalmar Ibrananci ce, daga "mar", wato abu mai ɗaci. Daga wannan tushe aka sami "maror", ganyen nan mai ɗaci da Yahudawa suke ci a Idin Ƙetarewa, da kuma mur, ƙaro mai ƙanshi da masana daga gabas suka kawo wa Yesu. Larabawa ma har yau "murr" suke ce wa abu mai ɗaci.

Labarin wurin yana cikin Fitowa sura 15. Isra'ilawa sun haye teku, Maryamu 'yar'uwar Haruna ta ɗauki bandiri, mata suna binta da rawa. Daga nan suka shiga jejin Shur, kwana 3 babu ruwa. Da suka sami ruwan, sai ga shi ba ya shawuwa saboda ɗaci. Duk wanda ya taɓa jan guga daga rijiya mai zartsi a tsakiyar bazara ya san irin wannan baƙin ciki. Gara a ce ba a ga ruwan ba. Jama'a suka yi wa Musa gunaguni, Musa ya yi kuka ga Ubangiji, aka nuna masa wani itace, ya jefa a ciki, ruwan ya yi daɗi. Gaba kaɗan suka sauka a Elim, mai maɓuɓɓuga 12 da itatuwan dabino 70.

A ina wurin yake? A 1816 wani matafiyi mutumin Suwizalan, Burckhardt, ya ratsa Sinai, ya ba da labarin wata rijiya mai ɗaci da ake kira Hawara. Tun daga lokacin mutane da yawa suka ɗauka ita ce Mara, ko da yake wasu masana suna nuna wata rijiyar dabam mai suna Bir Murra.

Amma ga abin lura. Ruwan ya gyaru, sunan bai sake ba. A Littafin Ƙidaya sura 33, inda aka jera zangon da Isra'ilawa suka yi ɗaya bayan ɗaya, har yanzu Mara ake kiran wurin. Mu ma mun san wannan hali. Kakanninmu sun raɗa wa yunwar 1914 suna Kakalaba, don kada jikoki su manta. Haka kuma madatsar ruwan Bakolori, wadda aka gama a 1978 a kan gulbin Sakkwato. An gina ta don noman rani, amma gonaki suka salwanta, manoma suka tsare hanyoyi suna neman diyya, a watan Afrilu 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta, rayuka da yawa suka tafi. Daga baya ruwan ya ba da shinkafa, duk da haka a kunnen dattawan Bakura da Maradun sunan Bakolori yana ɗauke da waccan shekara.

Na macen kuwa ya bi wata hanya. A Littafin Rut, yunwa ta kori Elimelek da matarsa Na'omi daga Baitalami zuwa ƙasar Mowab. Ma'anar Na'omi ita ce mai daɗi, mai faranta rai. A can mijin ya rasu, bayan wajen shekara 10 'ya'yanta biyu, Malon da Kiliyon, suka bi shi. Da ta koma gida, matan gari suka yi ta tambaya ko ita ce. Sai ta ce su daina kiranta da tsohon sunan, su kira ta Mara, gama ta fita da wadata, Mai Iko Dukka ya komo da ita hannu wofi. Magana ce mai nauyi, kuma a gabanin kowa ta faɗa. Ba mu ga inda aka tsawata mata ba. Ni dai ina ganin ta ɗan yi wa Rut rashin adalci, gama yarinyar tana tsaye kusa da ita sa'ad da take cewa ba ta da komai.

Ku karanta littafin duka, sura 4 ne kawai. Ba za ku sake cin karo da sunan Mara ba. A aya ta 22, nan take bayan maganarta, marubucin ya ci gaba da kiranta Na'omi. Bo'aza ma haka. Da Rut ta haifa wa Bo'aza ɗa, maƙwabta mata suka ce Na'omi ce aka haifa wa. Suka raɗa masa suna Obida. Shi ne mahaifin Yesse, kakan Sarki Dawuda.