Mai Binciken Mutuwa a Ƙasar Daura: Tarihinsa da Amanar da Ke Wuyansa



Bahaushe ba ya son gawa ta kwana. Da zarar rai ya yi halinsa, sai wanka, sai sutura, sai salla, sai makwanci. Amma akwai mutuwar da ba ta Allah da Annabi ba, kamar gawar da aka tsamo a rijiya ko fursunan da ya cika a kurkuku. A nan tilas a tsaya a yi tambaya kafin ƙasa ta rufe shaida. Ma'aikacin da doka ta ɗora wa wannan tambaya shi ne abin maganarmu yau.

Turawa suna kiransa korona, daga kalmar Latin mai nufin kambin sarauta. An kafa muƙamin a Ingila a 1194, kuma tun farko ba don tausayin mamaci ba ne, don tsare haƙƙin baitulmalin sarki ne. Sannu a hankali aikin ya rikiɗa ya zama na gano abu huɗu: wane ne mamacin, yaushe ya mutu, a ina, ta yaya. Yanke wa wani hukunci ba nasa ba ne.

Ƙasar Daura ba ta jira Turawa ba kafin ta san darajar jini. Mai unguwa yakan sanar da dagaci, dagaci ya sanar da hakimi, magana ta kai ga alƙali da majalisar Sarki. Fiƙihun Malikiyya ya tanadi rantsuwa hamsin ta ƙasama, wadda magada ke yi idan akwai alama mai ƙarfi, misali mamaci ya ambaci wanda ya sare shi kafin ya cika. Daga nan sai ƙisasi, ko diyya, ko afuwa.

Bayan da Turawa suka mayar da sarauta gidan Haɓe a 1906, suka naɗa Malam Musa, sai hanya ta zama biyu. En'e tana riƙe da alƙalai da 'yan doka da gidan yari, Di'o kuma yana duba aikinsu, sau da yawa da ikon majistare a hannunsa. Haka aka yi ta tafiya a zamanin Sarki Abdurrahman, daga 1911 zuwa 1966. Raunin wannan tsari a fili yake: idan mutum ya mutu a hannun 'yan doka, daga bakin masu tsaron nasa labarin zai fara fitowa.

A 1968, farkon zamanin Sarki Muhammadu Bashar, gwamnati ta karɓe kotuna daga hannun En'e. 'Yan doka da gidajen yari su ma suka koma hannun Gwamnatin Tarayya. Dokar binciken mutuwa da jihohi suka gada daga Jihar Arewa ta ɗora nauyin a kan majistare, ta kuma wajabta bincike ga duk wanda ya mutu a tsare. Wato kujerar ta canja mazauni, amma jarrabawar tana nan.

To, wane hali ake bukata ga mai wannan kujera? Na farko hanzari, domin in labari ya zo daga Baure ko Mai'adua, dangi na zaune da likkafani, jinkirinsa shi zai sa a binne gawa da asirinta. Na biyu ladabi: ya fahimtar da magada dalilin da zai sa likita ya duba gawa, kada ya mayar da su masu laifi. Na uku tsarkin hannu, kada ya karɓi ko goro, kuma ya janye in maganar ta shafi ɗan'uwansa. Na huɗu, wanda ya fi duka wuya, ƙarfin zuciyar rubuta gaskiya ko da ta faɗa a kan gwamnatin da ke biyansa albashi.

Ku ma'aikata da ku ɗalibai da za ku gaje su, ku tuna mamaci ba shi da lauya, ba shi da baki. In mai bincike ya yi shiru, uwar da ɗanta ya shiga hannun hukuma da ƙafarsa, aka fito mata da shi a makara, ba ta da sauran inda za ta je sai ga Allah.