Ɗan Ramin Kafireto da Ya Ɗaure Motocin Barazil

Wannan makon gareji za mu shiga, amma na ƙasar Barazil, kuma shekaru kusan hamsin baya.

A 1973 ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka rage fitar da shi, farashin ganga ya ninka kusan sau huɗu cikin 'yan watanni. Barazil a lokacin daga waje take sayo kusan kashi 80 cikin 100 na man da take sha, don haka abin ya taɓa ta sosai. Abin da take da shi a yalwace shi ne rake. Ranar 14 ga Nuwamba, 1975, gwamnatin soja ta Janar Ernesto Geisel ta ƙaddamar da shirin Proálcool: a tace barasa daga rake, wato itanol, a zuba wa mota. Da farko gauraya shi aka riƙa yi da fetur. Daga baya aka ce a ƙera motar da za ta sha shi zalla.

Faɗa da baki ba wuya. Inda aikin yake shi ne cikin kafireto.

Duk wanda ya taɓa tsayawa kan mai gyaran janareta ya ga yana hure wani ɗan ƙarfe mai rami kamar na allura, wanda suke kira jet. Ta wannan ramin mai yake bi ya haɗu da iska kafin ya shiga injin. Fetur yana ƙonewa daidai idan aka haɗa awo 1 nasa da awo 14.7 na iska, a ma'aunin nauyi. Itanol kuwa awo 9 kawai yake buƙata, saboda shi da kansa yana ɗauke da iskar oksijin, kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa. Ke nan iskar da injin ya zuƙa sau ɗaya tana neman itanol da ya fi fetur nauyi da kusan kashi 60 cikin 100. Ka zuba shi a motar da aka saita wa fetur, iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan: injin ya riƙa shaƙewa, ya ƙi jan totur, ya mutu a tsaye.

Sai a faɗaɗa ramin, ko ba haka ba? To, a nan lissafin da muka yi a makaranta yake cizon mai gaggawa. Idan ka ƙara faɗin rami da kashi 20 kacal, filinsa ya ƙaru da kashi 44. Hannu ya ɗan zarce, mai ya yi yawa, ana ƙona kuɗi a banza, ragowar kuma tana gangarawa ta tsinka baƙin mai. Sannan tsohuwar dabarar makanikai ta duba launin fulogi ba ta cika aiki ba, domin itanol ba ya barin baƙi kamar fetur.

Injiniya Urbano Ernesto Stumpf, na cibiyar binciken jiragen sama ta CTA da ke São José dos Campos, shi ya jagoranci warware waɗannan matsaloli. A 1976 motoci uku da aka juya suka zaga ƙasar da itanol don a gamsar da jama'a. A watan Yuli na 1979 kamfanin Fiat ya fito da Fiat 147 mai shan itanol zalla. Mutane suka laƙaba mata Cachacinha, saboda hayaƙin salansarta warin giyar rake yake yi. An ƙara matsin injinta zuwa kusan 11 da 1, domin itanol yana jure matsi fiye da fetur, kuma da haka ake rage asarar yawan shan da yake yi.

Motocin farko sun wahalar da masu su, wannan ba a ɓoye yake ba. Itanol ɗin yana da ɗan ruwa a ciki, ya riƙa cin kafireto da tanki har sai da aka koma shafe su da ƙarfen da ba ya tsatsa. Da safiyar sanyi kuma, musamman a kudancin ƙasar, mota ta ƙi tashi, don itanol ba ya tururi da sauƙi idan gari ya yi sanyi. Maganin da aka samo ya ba ni dariya ranar da na fara karanta shi: ɗan ƙaramin tankin fetur kusa da injin, a ɗan fesa a tayar, sannan barasa ta karɓa.

Duk da haka, a tsakiyar shekarun 1980 mafi yawan sababbin motocin da ake sayarwa a Barazil na itanol ne.

Sai lamari ya juya. A 1986 farashin ɗanyen mai ya faɗi, daga baya sukari ya yi daraja a kasuwar duniya, masu rake suka karkata can. A 1989 itanol ya yi ƙaranci, layuka suka cika gidajen mai. A ganina nan ne ainihin rauni ya bayyana. Mai mota yana kallon famfon fetur a gefe ba layi, amma ba halin ya sha, domin ramin jet ɗinsa da matsin injinsa an yanka su ne don abu ɗaya. Mutane suka ji an yaudare su, cinikin waɗannan motoci ya durƙushe a shekarun 1990.

Abin da ya dawo da itanol shi ne cire awon daga ramin ƙarfe a miƙa shi ga kwamfuta. A Maris 2003 Volkswagen ta fito da Gol Total Flex. Wata 'yar na'ura a bututun hayaƙi tana auna ragowar oksijin, kwamfutar motar ta gane abin da ke tanki, ta ƙara ko ta rage fesa mai nan take. Direba ya duba farashi a bakin famfo ya zaɓa. Ɗan tankin fetur na safiya dai bai fara ɓacewa ba sai 2009, lokacin da Polo E-Flex ta zo da tsarin ɗumama itanol kafin a tayar da injin.