'Yan Mazan Jiya: Bashin Da Ke Wuyanmu

'Yan'uwana tsofaffin ɗalibai da malamanmu masu daraja, ina so in ɗan ja hankalinmu ga waɗansu bayin Allah da muka tashi muna gani a Dutsin-Ma da Kurfi, wato tsofaffin sojoji, waɗanda Bahaushe ya yi wa laƙabi da 'yan mazan jiya.

Rukuni na farko su ne mutanen Yaƙin Duniya na Biyu, wanda iyayenmu ke kira yaƙin Hitila, daga 1939 zuwa 1945. Turawan Ingila sun ɗebi samari daga ƙasar Hausa ta hannun sarakuna da hakimai, aka zuba su cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka ɗauke su a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga nan sai dazuzzukan Bama, inda suka gwabza da Japanawa. Yaron da bai taɓa wuce kasuwar Charanchi ba, sai ga shi cikin kurmi da ruwan sama ba ƙaƙƙautawa, da kaya niƙi-niƙi a kai. A watan Janairu na 1945 suka ƙwace garin Myohaung. Sarkin Katsina Usman Nagogo, wanda ya hau gadon sarauta a 1944, da kansa ya tafi can ya gaishe su. Wannan ita ce godiya irin ta manya: taka ƙafa a je a ga mutum.

Rukuni na biyu su ne na yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970. A nan kowa ya san sunan Janar Hassan Usman Katsina da Shehu Musa 'Yar'aduwa. To, amma kurtun da ya dawo ƙauye da gurguwar ƙafa fa, wa ya san sunansa?

Hukuma ta yi nata. Barikin Dodan a Legas da na Chindit a Zariya duk yaƙin Bama suke tunawa da shi. An keɓe ranar 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare, don tunawa da su, ana fareti ana ajiye furanni.

Mu fa farar hula? Na tuna yawancinsu gadi ko masinja suka koma. Mun ji daɗin tafiyarsu ta soja da guntun Turancinsu, in sun fara labari kuwa a ce tsoho ya fara zuƙi-ta-malle. Kaɗan ne suka tambaye su abin da ke hana su barci da dare. Mutanen Bama kusan duk sun riga mu gidan gaskiya da labarinsu a ciki. Na yaƙin basasa kuwa ƙaraminsu ya haura shekara 70.

Don haka shawarata ita ce, ƙungiyarmu ta nemo waɗanda suka rage a Dutsin-Ma da Kurfi, mu zauna da su, mu ɗauki maganarsu, mu rubuta, mu ajiye a ɗakin karatun makaranta. Wanda fanshonsa ya maƙale, masu ilmin cikinmu su bi masa takardu. Yabon gwani ya zama dole, amma saurare ya fi tafi.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.