Gazawar Zuciya da Matsalolin Barci

Gazawar zuciya yanayi ne da zuciya ke kasa harba isasshen jini zuwa sassan jiki. Hawan jini, toshewar jijiyoyin zuciya da ciwon sukari na cikin manyan musabbabanta, kuma takan zo tare da ciwon ƙoda ko ƙarancin jini.

Alamominta kan tsananta da daddare. Idan majinyaci ya kwanta, ruwan da ya taru a ƙafafunsa da rana yakan koma huhu, sai ya nemi ƙarin matasai ko ya farka yana haki.

Ɗaukewar numfashi cikin barci ma tana yawan addabar masu cutar. A nau'i na farko maƙogwaro ke toshewa, ana minshari mai ƙarfi, iskar oksijin ta ragu, jini ya hau, zuciya ta ƙara jigata. A na biyu ƙwaƙwalwa ce ke jinkirta umarnin numfashi, kamar yadda John Cheyne ya bayyana a 1818, William Stokes kuma a 1854.

Gwajin barci ke bambance su, kuma na'urar CPAP tana taimakon masu nau'in farko. Don haka ya kamata iyalan majinyaci su sanar da likita duk minshari ko tsayawar numfashin da suka lura da shi.