Amritsar da iyakar da ta raba ƙasar Sikh gida biyu

1/
Wanda ya kalli Rab Ne Bana Di Jodi zai tuna wani ginin zinare a tsakiyar ruwa. Harmandir Sahib ke nan a Amritsar, wurin ibada mafi daraja ga mabiya addinin Sikh, masu rawanin nan da muke gani a finafinan Indiya. Yau tarihinsa za mu bi, da na iyakar da ke bakinsa. Ku biyo ni a sannu 🧵

2/
Punjab kalmar Farisanci ce, wato ruwa biyar, saboda koguna biyar da suka ratsa ƙasar. A nan aka haifi Guru Nanak, wanda ya kafa addinin, a 1469, a garin da yanzu ake kira Nankana Sahib. A Kartarpur ya rasu, a 1539. Ku riƙe sunayen nan biyu, don yau dukansu a Pakistan suke.

3/
Ita Amritsar daga baya ta zo. Guru na huɗu, Ram Das, shi ya sa aka haƙa tafkin a shekarun 1570, gari ya taru a kewayensa. Magajinsa Guru Arjan ya gina ɗakin ibadar a tsakiyar ruwan, ya ajiye littafinsu mai tsarki a ciki a 1604. Ƙofa huɗu ya yi wa ginin, alamar ta ko'ina mutum ya fito ana maraba da shi. A cikin littafin ma akwai baitocin Baba Farid, babban sufi Musulmi na Punjab.

4/
Zinaren kuwa aikin sarki ne. Ranjit Singh ya ci Lahore a 1799, ya mai da ita babban birnin daular Sikh, wajen 1830 ya lulluɓe saman ginin da zinare. Ya mutu a 1839. Shekara goma tak bayan nan Turawan Ingila suka haɗiye Punjab.

5/
In ka je yau, ba mai tambayarka addininka. Za ka cire takalmi, ka ratsa ta ruwa ka wanke ƙafa, ka rufe kai, mace ko namiji. Taba da giya ba sa shiga.

Amma ni a ganina abin kallon ba zinaren ba ne, kicin ɗin ne. Langar suke ce masa: abinci kyauta, dare da rana, ga dubun-dubatar mutane kullum. Gurasa, miyar wake, wani lokaci shinkafa da madara. Ba nama, don kowa ya iya ci. Attajiri da ɗan dako duk a ƙasa suke zama, sahu ɗaya. Masu yanka albasa da masu wanke-wanke yawancinsu 'yan sa-kai ne, in ka naɗe hannun riga kai ma za a ba ka aiki. A ƙasar da asalin mutum ke yanke hukuncin da wa zai ci abinci, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

6/
Tafiyar 'yan mintuna daga nan akwai Jallianwala Bagh, wani fili da katanga ta kewaye. Ranar 13 ga Afrilu 1919, ranar bikin Baisakhi, Janar Reginald Dyer ya shigo da sojoji ta ƙunƙuntar hanyar shiga, ya sa aka buɗe wa taron da ba shi da makami wuta na kusan minti 10. Harsashi 1,650. Gwamnatin Turawa ta ce mutum 379 ne suka mutu, Indiyawa suka ce adadin ya wuce haka nesa. Har yau ramukan harsashi na jikin bango, ga kuma rijiyar da mutane suka yi ta faɗawa don gudun wuta.

7/
Sai 1947. Aka ɗauko wani lauya daga Landan, Cyril Radcliffe, wanda bai taɓa taka Indiya ba, aka ba shi kusan mako biyar ya ja layi. Layin ya bi ta tsakanin Lahore da Amritsar, biranen da kimanin kilomita 50 ne kawai tsakaninsu. Musulmi suka nufi yamma, Sikh da Hindu suka nufi gabas. Miliyoyi suka bar gidajensu, dubban ɗaruruwa suka mutu a hanya, kowane ɓangare ya kashe, an kuma kashe masa. Sikh suka wayi gari mahaifar Guru Nanak da birnin Ranjit Singh duk suna wata ƙasa. Akwai gidan tarihi na wannan rabuwar a Amritsar, an buɗe shi a 2017.

8/
Abin mamaki, layin kansa ya zama wurin yawon buɗe ido. A Attari da Wagah, tun 1959, sojojin ƙasashen biyu ke bikin sauke tuta da yamma: ɗaga ƙafa har kusa da goshi, zare ido, 'yan kallo na ihu kamar a filin ƙwallo. Ana dariya, amma ƙasashe ne biyu masu makaman nukiliya.

9/
Shi ma Harmandir bai tsira ba. A Yunin 1984 sojojin Indiya suka kutsa harabar don fatattakar Jarnail Singh Bhindranwale da mayaƙansa, tankoki suka ragargaza Akal Takht, kujerar hukuncin addinin. Ranar 31 ga Oktoba masu gadin Indira Gandhi biyu, 'yan Sikh, suka harbe ta. Cikin 'yan kwanaki aka kashe dubban Sikh, akasari a Delhi.

10/
Mu koma Kartarpur. Kimanin kilomita 4 ne daga iyaka. Shekara da shekaru Sikh na Indiya sai dai su tsaya a Dera Baba Nanak su hango wurin da tabarau mai hangen nesa. Sai 9 ga Nuwamba 2019 aka buɗe musu hanya ta musamman: ba biza, Pakistan na karɓar dala 20, ka je ka dawo a yini guda.

11/
Hanyar ta Indiyawa ce da 'yan asalin Indiya kawai. Baƙo irina da kai, in yana son ganin Amritsar da Nankana Sahib da Kartarpur, biza biyu zai nema. Su ma masu hanyar ba kullum take buɗe musu ba: an rufe ta a 2020 saboda korona, aka sake rufewa a Mayun 2025 da ƙasashen biyu suka yi musayar wuta kan Kashmir.